Likitocin Abuja

A'a, ba cikin Wagini aka yi ba, wani ɗan ƙauye ne gaba da ita, dab da bakin daji.

Lokacin korona ne. Kullum rediyo rigima: Abuja ta ce a rufe kasuwa a gwada kowa, jiha ta ce ita ta san mutanenta. Tasalla ba ruwanta da wannan. Mijinta Abdulmumini kwana tara yana tari, numfashi da ƙyar, shi ne damuwarta.

Ranar Litinin da hantsi sai ga mutum biyu kan babur ta hanyar yamma, da fararen riguna, fuska rufe da takunkumi. Suka ce Abuja ta turo su.

"Mama, kada kowa ya gaya wa 'yan ƙaramar hukuma," in ji dogon. "Mutanen jiha ɓoye ciwon suke. In suka ji, za su hana mu dawowa da magani."

Tasalla ta yarda, ai ta sha jin irin haka a rediyo. Ita ta zaga da su gida-gida, har fura ta dama masu. Suna tambayar maza nawa ne a gidan, ƙofa nawa. Abdulmumini daga bakin ɗaki suka leƙa shi, amma a garke sun daɗe. Wai dabba ma tana ɗauka.

Suka bar sallahu: ranar Alhamis a tara shanu wuri guda don feshi, maza duk su hallara a firamare, a bar adda da bindigar toka a gida kada a tsorata likitoci.

Mai unguwa dai abin bai kwanta masa ba. Tasalla ta durƙusa tana hawaye, ta ce, "Ranka ya daɗe, malam ba zai kai wani sati ba." Ya amince.

Alhamis ta zo. Shanu sun cika fili, maza sun yi layi hannu rabbana. Tasalla ta hau tudun da ake samun sabis, ta kira 'yarta Ramlat mai aikin jinya a Batsari, ta yi mata albishir. Tana cikin magana ƙarar babura ta taso daga yamma. Ba biyu ba, ba goma ba.

"Ga su nan ma sun iso, likitocin Abuja."

Ramlat ta ce a hankali, "Inna, wace Abuja? Mutanensu sati uku suna zaune a Katsina, rigima ta hana su fitowa. Ba a tura kowa ko'ina ba."