Mai Fifita a Bayan Kujera

Raini ciwo ne, kuma mai shi ne ƙarshen sani.

Karo na uku ke nan ana matse Gwani a lungu. Wasan faɗa ne na intanet, zagayen ƙarshe, wanda ya faɗi ya bar wa wanda ya ci gurbinsa a ƙungiya. Shekara huɗu yana riƙe da kambu, da surar maharbi yake shiga wasan, ba a taɓa kama shi ba. Yau wani baƙo mai takobi ya tsare shi kamar kaza a akurki. Ya yi tsalle hagu, takobi na jiransa. Ya ja baya, bango.

Gumi ya jiƙa shi. Ya waiwaya, babu matarsa, wadda kullum yake zaunarwa a bayansa tana masa fifita, in ta tanka ya ce, "Ke dai yi shiru ki kalla."

"Kawo mini ruwa!"

Daga uwar ɗaki ta amsa, "Bari in ƙarasa ka tukuna, maigida. Hagu za ka sake yi."

Hagun ya yi.

Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ya rasa kambu, ya rasa gurbi, ya rasa mai fifita.