Ƙasar da Na Rufe da Murfin Kwalba

Shekarar da Baba ya tafi neman aiki Aljeriya muka daina jin ɗuriyarsa, akwai taswirar duniya manne a shagon Kawu Isa, ƙanin mahaifiyata, tela a Hayin Banki. Rannan bayan la'asar na ce ya nuna mini inda Baba yake. Ya nuna. Na ɗora murfin kwalbar lemo a wurin, ya rufe ƙasar ruf.

"Kawu, ashe 'yar mitsitsiya ce! Mu je mu duba gida-gida mana."

Bai yi dariya ba. Ya zare allura daga bakinsa, ya taɓa wani farin tsibiri can sama, wanda ko tafin hannuna ba zai rufe ba.

"Kin ga wannan ƙaton? Aljeriya ta fi shi girma. Masu zanen ne suka buɗa sama suka tsuke tsakiya, kamar rigar da aka yanka ba awo. Uwata, can Aljeriya sai ki wuni a mota ba ki ga gida ba."

Na ƙulle murfin a bakin zanena. Ban yi kuka ba, har yau ma ban yi ba. Tun ranar dai ban ƙara cewa a je a nemo shi ba.