Maharbin da Ya Koya wa Hannunsa Kuskure

Ka ce gara a ɗauke ka ƙasa da yadda kake, don ka huta da karawa da manya. To, saurari wannan. A wani gari maharba suna da wasa bayan kaka. Maginin tukwane yakan gasa musu ƙananan fayafayai na yumɓu, a riƙa cilla su sama ɗaya bayan ɗaya, su kuma suna harbi da bindiga. Don kada gwani ya riƙa cinye ɗan koyo, Sarkin Baka ya kasa su sahu uku: gwanaye, matsakaita, da 'yan koyo, kowane sahu da ragon da za a ba zakaransa. Ba da baki ake shiga sahu ba, da duk garin gwanaye ne. Abin da mutum ya farfasa a ranakun gwaji shi ke nuna inda zai tsaya. Akwai wani maharbi a sahun gwanaye, hannunsa ba laifi, sai dai kullum akan sami wanda ya ɗara shi kaɗan. Shekara da shekaru yana komawa gida da yabo, shi kuwa yabo ba a yanka shi. Sai ya yi tunani, wanda a ganinsa mai zurfi ne: in ya sauka sahun matsakaita, rago nasa ne tun kafin a ɗaure shi.

Amma kuskuren ganganci ma sai da gwaninta, don Sarkin Baka ba yaro ba ne. Faifai in yana tafiya a sama, ba inda yake ake harbi ba, inda zai je ake tare shi. Sai mutumin ya riƙa shiga gona shi kaɗai, yana koyon jinkirta yatsa da ƙiftawar ido guda, yadda harbin zai bi bayan faifai kamar kuskuren gaske. Ya ba abin himmar da bai taɓa ba harbin kirki ba, ya kuwa iya. Ranar gwaji fayafayansa suka riƙa saukowa lafiya lau, har magini ya ce, "Allah ya saka da alheri, Malam, naka kam sai mu karkaɗe mu sake amfani da su." Sarkin Baka ya girgiza kai, ya ce, "Tsufa ba ya sallama," ya mai da shi sahun matsakaita. Ranar rago ta zo, mutumin ya gyara tsayuwa, ya ce wa ransa wasa ya ƙare. Aka cilla faifai, ido ya ga wurin tare shi, zuciya ta ce yanzu, yatsa kuwa ya tsaya jiran ƙiftawar nan da aka koya masa. Faifai ya sauka lafiya. Aka sake, haka. Shi yatsa ba a gaya masa cewa da can ƙarya ake yi ba. Wani manomi mai harbin kan-mai-uwa-da-wabi ya ja rago ya tafi. Da aka zo rabon sahu na baɗi, Sarkin Baka ya dafa kafaɗarsa da tausayi, ya nuna masa wurin 'yan koyo, kuma wannan karon ba wanda aka yaudara. Shi ya sa Hausawa ke cewa, garin neman ƙiba an samo rama.