Matuƙin da Ya Ji Nauyin Furfura

Tunda ka ce jibi ne za ka je ganawar neman aikin nan, zauna tukuna in ba ka wani misali, shayin ma bai huce ba.

An yi wani matuƙin jirgin sama da ya shekara goma sha ɗaya yana feshin tsuntsayen jan-baki a fadamun shinkafa. Ƙaramin jirgi ne mai kujera ɗaya, shi kaɗai yake tashi, shi kaɗai yake sauka. Hannunsa ya faɗa ƙwarai, har manoma kan ce yana iya shafa kan shinkafa da fiffike bai karya zangarniya ko ɗaya ba. Ga shi kuma ya sha tarbiyya. Bai taɓa haɗa ido da babba ba, in dattijo ya yi kuskure a gabansa sai ya sunkuyar da kai kamar shi ya yi. Burinsa ɗaya ne a duniya, ya tuƙa babban jirgin fasinja. Ya ƙaro karatu, ya ci jarrabawa, ya yi shekara huɗu yana aika takardu, shiru. Ran da wani kamfani ya amsa, sai ranar ganawar ta faɗo daidai lokacin da shinkafa ta fara nuna, tsuntsu na tsakiyar ɓarna. Mai kamfanin feshin ya ce masa in ya tafi a wannan makon, to ya tafi ke nan, akwai mai jiran kujerar. Ya kwana biyu yana juya maganar. Abokansa suka ce kada ya saki reshe ya kama ganye, matarsa ta ce ya je, Allah na nan. Ya ajiye aikin ya tafi.

Ranar ganawar da safe aka yi masa tambayoyi, ya amsa su tas. Da azahar aka kai shi ɗakin gwaji, wani akwati ne babba bisa ƙafafun ƙarfe, an ƙera cikinsa kamar kan jirgi, yana girgiza yana karkata, har gajimare ana nunawa a gilashinsa. A kujerar hagu ya tarar da wani tsohon kyaftin, gemu fari fat. Da suka gaisa sai ta bayyana mutumin yankinsu ne, har ya san mahaifinsa. Matuƙin ya durƙusa ya sake gaisuwa, ya zauna a dama zuciyarsa fari ƙal, yana cewa a ransa yau ya faɗo hannun gida. Suka tashi lafiya, suka yi tafiya lafiya. Da suka doshi sauka cikin gajimare, muryar mai ba da umarni ta ce su sauko zuwa ƙafa dubu huɗu su tsaya nan, don akwai dutse a gaba. Tsohon ya miƙa hannu ya murɗa maɓalli, ya tsayar da shi a dubu biyu. Matuƙin ya gani sarai. Yaya zai ce wa sa'an ubansa ya yi kuskure, a rana irin wannan, ga masu ba da maki zaune a baya? Ya yi gyaran murya. Ya ƙura wa lambar ido ko tsohon zai bi kallonsa. Da abin ya ƙi, ya yi masa hannunka mai sanda, ya ce a hankali, "Baba, yau kam gajimaren nan ya yi ƙasa." Tsohon ya ce haka ne, ya ci gaba da saukowa. Sai ƙararrawa ta ɗauka, dutse ya cika gilashi, akwatin ya yi wata girgiza ya tsaya cik.

Tsohon ya cire abin kunnensa ya tambaye shi ko ya ga lambar. Ya ce ya gani. Tun yaushe? Ya ce tun lokacin da aka murɗa ta. Nan fuskar tsohon ta canja, ya daɗe yana kallonsa kamar wanda aka kawo wa labarin rasuwa. Ashe da gangan yake yin kuskuren nan ga duk wanda ya zo, don ya ji ko za a tanka. Wasu ba sa lura, waɗannan ana iya koya musu. Wata mata da ta riga matuƙin shiga da hantsi kuwa sau ɗaya ta faɗa, da tsohon ya yi biris ta ɗaga murya ta karɓe tuƙin daga hannunsa. Amma wanda ya gani ya yi shiru, tsohon bai taɓa cin karo da shi ba sai yau. Ya ce, "Ɗana, mutum ɗari da tamanin ne a bayanka. Ka girmama ni, ka kashe su." Matuƙin ya iya jirgi fiye da duk wanda ya shiga akwatin nan a ranar, tsohon da kansa ya rubuta haka a takarda, sannan ya rubuta a ƙasa cewa ba za a ɗauke shi ba. Da ya koma gida, yana tsaye a bakin fadama ya ji ƙugin ƙaramin jirginsa ya wuce ta kansa, wani ne a ciki.

To, ka gai da manya jibi, ka durƙusa in ka ga dama, ba wanda ya hana ka. Amma in an rufe ƙofar ɗakin ganawa ka ga lamba ba daidai ba, buɗe baki ka faɗa da sunanta. Hausawa sun riga sun gama magana: ranar wanka ba a ɓoyon cibi.