Buroshin 'Yar Inna

Inna ta dangwarar da buroshin goge haƙoran 'yarta a kan teburin shugabar ma'aikatan jinya. Duk jini ne a jikinsa.

"Ga ladan aikin darenku, sannunku da ƙoƙari. Na ba ku yarinya siririya, kun mayar mini da buhu mai kumburarren dasashi. Yau ma hutunta ne, kun kira ta. Ku fito mini da ita kafin haƙoran su zube."

Shugabar ta ce, "Inna, rashin barci na ƙara ƙiba da ciwon dasashi. In ta dawo da safe tana runtsawa?"

"Barcin rana a gidana? Ai shi ke kumbura mutum. Tana kwanciya nake yaye bargon."

Shugabar ta miƙe ta buɗe ɗakin ajiyar zannuwan gado. Ga 'yar nan kwance, baki buɗe, tana ta minshari.

"Ba mu kira ta ba. Duk ranar hutu nan take zuwa ta ɓuya."

Inna ta daɗe tana kallonta, sannan ta rage murya.

"To ki daina surutu mana, za ki tashe ta."