Kek Ɗin da Ya Karya Haƙorin Malama

Haƙorin Malama Kubura ya karye ne a cizon farko, ana saura kaɗan a yi la'asar, kwana kaɗan bayan ƙaramar Sallah.

Ta tofa guntun a tafin hannu, ta dube shi, sannan ta dubi abin da ya karya shi. Kek ne na citta, an barbaɗe samansa da kwakwa da sukari, ya zo cikin kwanon silba daga gidan Uwani, maƙwabciyarta.

Duk Gummi an san Malama. Ta yi hedimistires har ta yi ritaya, kuma ba ta taɓa barin aiki ya fita daga hannunta babu alamarta a jikinsa ba. Da ta ajiye alli sai ta koma gashin kek: yashi a gindin tukunya, garwashi a kan murfi, citta dakakkiya da yawa. Kowace Sallah kwanukanta na zaga unguwa. Ita ba ta ci, likita ya hana ta zaƙi tun tuni. Shaidar mutane ta ishe ta. Ba gidan da bai taɓa aiko da godiya ba.

Wannan karon ma ba don kwaɗayi ta ciza ba. An ce Uwani na neman a ba ta gashin kek na walimar saukar Raihana, ɗiyar liman, aikin da kowa ya san na Malama ne. To, dole a duba aikin ɗaliba kafin a ce ta ci jarrabawa.

Ga sakamakon a tafin hannunta.

Ba ta yi ihu ba, ba halinta ba ne. Ta ƙulle guntun haƙorin a bakin mayafi, ta rufe kwanon, ta nufi gidan Hajiya Maimunatu, shugabar matan unguwa. Buƙatunta ba su da yawa: Uwani ta ba ta haƙuri a gaban jama'a, kuma ta janye hannunta daga walimar.

Washegari mata suka cika tsakar gidan Hajiya. Malama ta ajiye kwanon a tsakiya, ta tsaya a kansa kamar yadda take tsayawa gaban allo.

Ta fara da tauri. Ta ƙwanƙwasa shi da cokali, ya amsa kamar ƙyaure. Ta koma kan citta, wadda aka zuba kamar ana haɗa maganin mura. Ta nuna yashin da ya shiga ciki, ta ce mai wannan aiki ba ta ma san yadda ake rufe gwangwani ba. Kwakwar da aka barbaɗa kuwa, ta ce wannan shafa hoda ce a fuskar da ba a wanke ba.

Da aka ambaci kwakwa, Zaliha matar tela ta yi tari, ta gyara zama. Da aka zo kan sukari, Shamsiyya ta gidan liman ta duƙa tana neman takalminta, alhali yana ƙafarta.

"Uwani, ke ta aiko da wanga abu?" in ji Hajiya.

"Ni ta aiko, Inna," in ji Uwani, kanta a ƙasa. "Kwanon Malama da ta aiko min da dambu ya daɗe wurina, ga baƙi sun cinye komi. Kin san ba a maida kwano wayam. Abin da na samu shi na sa."

"Abin da kika samu!" Malama ta ce. "Ku ji fa. Da akuya kika ba, da ta kai ƙara."

Ba wadda ta yi dariya. Malama ta ɗauka girmamawa ce, ta ƙara ƙaimi. Ta ce duk macen da ta gasa wannan abu bai kamata a sake barin ta kusa da tukunyar kek ba, a walima ko a Sallah, kuma tana so a yanke haka yanzu, kowa ya shaida.

"Malama, kin tabbata?" Hajiya ta tambaya a hankali.

"Na tabbata."

"Kun ji?"

Matan suka amsa da murya ɗaya, da sauri irin wanda ba a taɓa jin sun amince da wani abu da shi ba.

Malama ba ta gama ba. Mai duba aiki na gaskiya ba ya tsayawa a sama, ta ce, a gindi ake gane mai gashi. Ta sa hannu biyu ta kife kek ɗin a kan murfin kwano, ya faɗi da ƙara.

A gindinsa, a karce da bakin wuƙa, ga alamar "daidai" nan irin ta duba aikin ɗalibai, wadda Malama Kubura ke yi wa kowane kek nata kafin ya bar gidanta.