Mai Ban Ruwan Fure

Alu ya durƙusa a bakin fangalin yana cire ciyawa da yatsu. Inna Zuwaira ta hana a sa fartanya a wurin, ta hana a matso da takalmi. Ban ruwa kuma safe da la'asar, da buta, a hankali.

Wannan aikin shi ne hayar ɗakinsa. Tun da aka wawashe shagonsa na unguwar Treichville a rikicin farkon shekara ya rasa inda zai sa haƙarƙarinsa, har ta tsinto shi a tashar Roxy yana kwana cikin matacciyar motar haya ta gbaka. Ta ce ya biyo ta gidan hayar da take zaune a unguwar Bracodi, ɗakin ɗanta yana nan babu kowa.

Matan gidan hayar suka ce wannan baiwar Allah 'yar Aljanna ce. Lokacin harbe-harbe duk sun gudu, ita kaɗai ta ƙi fita, wai tana jiran ɗanta Abdurrashid. Yaron bai sake taka gidan da ƙafarsa ba tun ranar da 'yan bindiga suka tare hanya. Amma ga ta tana ciyar da abokinsa.

Akwai abin da matan ba su sani ba. Ran nan su biyu aka tsayar. Da bakin bindiga ya taɓa wuyan Alu, shi ya nuna Abdurrashid, ya ce wannan ne mai kai wa 'yan tawaye abinci. Aka saki Alu. Bai waiwaya ba.

Shi ya sa kullum tambaya ɗaya ke cin sa: ta sani, ko ba ta sani ba? Idan ta miƙo masa shinkafa, sai ya faki ido ya jefa wa kyanwa loma tukuna. Kyanwar sai ƙiba take yi.

Fangalin ba wani babba ba ne, siriri ne a bayan ɗakinta, da fasasshiyar tukunya a kowane ƙarshe. Abu ɗaya ta shuka a ciki: furen nan mai kauri, ruwan ɗorawa da ruwan lemo, mai kaifin wari wanda ko akuya ba ta ci. Ruwan ganyensa ya feso wa Alu ƙuraje har gwiwar hannu. Ya nuna mata.

"Hannuwan za su saba," in ji ta.

Idan kan furen ya bushe, ita ke murje shi da kanta, baƙin irin ya zube kamar allurai a inda ya fito. Ba ta taɓa shuka shi a wani gefe ba. Ba ta wuce wurin sai leɓenta na motsi. Da maƙwabciyarta Lami ta roƙi ɗan kaɗan don ado ranar sunan jikarta, sai ta ce, "Yi haƙuri, yana da mai shi."

Alu ya rame. Abinci bai yi masa komai ba, baƙar magana bai taɓa ji ba, wannan kuwa ya fi duka ciwo. Idan yana durƙushe, takan ɗauko kujera ta zauna a bayansa da carbi, tana kallon ƙeyarsa.

Bayan Babbar Sallah ya sami aikin dako a tashar jirgin ruwa, da ɗan ɗaki a Treichville. Ya ɗaure kayansa. Ya yi ban ruwan la'asar na ƙarshe, zuciyarsa wasai. Ashe ba ta sani ba. Ya tsira.

"Inna, zan kama hanya. Allah Ya saka da alheri."

"Amin. Kowa ya sami abin da ya shuka." Ta ja carbi. "Ga ciyawa can ka bari, wajen tukunyar kai."

Ya koma ya durƙusa. Hannunsa ya tsaya a kan ƙasar.

"Tukunyar kai, Inna?"

"A bakin kwata na tsince shi, na turo shi a amalanke. Hanyar maƙabarta a rufe take, ni na wanke shi, ni na haƙa nan na binne shi." Muryarta ba ta tashi ba. "Da sauran numfashinsa lokacin da na tsince shi, har ya faɗa mini wanda ya nuna shi. Yi wa abokinka sallama kafin ka tafi, Alu, ai kullum a gabansa kake durƙusawa."